Wanda Ya Buɗe Ƙofa

Shafi na 14

Masu cika min akwati da saƙo wai Kaisu ta fiye raki, na ji ku. Har wata ta ce da 'yarta ce da mari ɗaya za ta dawo da ita hayyacinta. To madalla. Ki ajiye marin naki tukuna, ki karanta wannan shafin, sannan ki zaɓi wanda za ki ba shi.

*

Shirun ne ya tashe ta.

Tun da aka haifi yaron nan Kaisu ba ta taɓa buɗe ido ta ji gidan shiru ba, kullum kukansa ne agogonta. Ta yi zumbur ta tashi zaune a kan doguwar kujerar falo, wuya ya sage, baki da ɗaci. Ɗan hasken da Janairu ke yi wa garin Oulu rowarsa har ya fara ja da baya. Ta leƙa kwalin nan da gwamnati ke ba masu ciki, wanda suka mayar masa gado.

Babu kowa a ciki. Ko bargon babu.

A bakin ƙofar fita ga jakar yaron an ɗaure tsaf, kwalaben madara a aljihun gefe. Yau da yamma ne mijinta Jarkko zai kai mahaifiyarta da jaririn ƙauye, can Puolanka, su yi mako guda, wai don ita ta samu ta runtsa. Nas ɗin awo ta ce dabara ce mai kyau. Kaisu da ka kawai ta amsa, kunya ta hana ta cewa a'a. Yanzu haka Jarkko yana gidan wansa, ya je aron kujerar mota ta jarirai.

"Mama?"

"Ina kicin. Kada ki ɗaga murya, da ƙyar na samu ya kwanta."

Mahaifiyarta Hilkka na zaune a bakin tebur, safar ulu a ƙafa, gahawa a gabanta, tana gutsurar burodin kirfa kaɗan-kaɗan kamar mai tsoron ya ƙare. Kusa da farantin ga 'yar rediyon da ake sauraren jariri da ita, tana fitar da ƙarar iska.

"Ina Wake?"

Haka suke kiransa. Ba a kai ga ranar baftisma ba, sunan gaskiya yana bakin iyayensa su biyu.

"Yana barci."

"A ina?"

"Inda 'ya'yan mutane suke barci."

Kaisu ta juya a hankali. Ta cikin ƙofar gilashi ta hango keken tura jaririn a baranda, an lulluɓe shi da bargo, an ja ƙofar an murɗe ta ruf.

Ƙirjinta ya hau bugu kamar ana daka. Ta san kanta, ta san wannan abin, yana fara mata daga yatsun ƙafa ya hayo. Ba ta nemi takalmi ba. Ta finciki ƙofar ta fita, sanyi ya sare ta a tafin ƙafa, ta shiga yaye bargo da fatar tunkiya tana laluben wuyansa.

Ɗumi. Ɗumi sosai ma.

Kumatunsa sun yi ja, ɗan bakinsa a buɗe, yana sharar irin barcin da bai taɓa yi a hannunta ba. Wannan ya fi komai yi mata ciwo, gaskiya ɗaya ce. Ta ɗago shi ta manna a ƙirji, idonta ya sauka ƙasa ta kan ƙarfen baranda. Can a tsakar gidajen ga kekunan jarirai an jera a gefen rumfar kekuna, dusar ƙanƙara ta ɗan zuba a kan rufinsu, iyayensu mata suna sama suna wanke-wanke hankali kwance. Kowa haka yake yi, ita kaɗai ce ta kasa.

Jiri ya ɗebe ta, ta dafa ƙarfen da hannu ɗaya. Shi ya sa ba ta son barandar nan. Ta taɓa faɗa wa Jarkko, tana kuka, cewa wani hoto yana faɗo mata a kai, ta ga yaron ya suɓuce mata ya tafi ƙasa. Tun daga ranar wani irin kallo yake bin ta da shi.

Wake ya farka ya tsandara kuka. Ta shigo da shi ta tura ƙofar da gwiwar hannu.

"To ga shi nan," in ji Hilkka. "Kin ji daɗi."

"Na ce miki kada a kai shi waje."

"Kin ce. Ni kuma na ga yaro yana ta kuka tun safe, uwarsa ta sheme a kujera."

"Da kin tashe ni."

"In tashe ki ki yi me? Ki yi ta zagaye da shi kuna kuka ku biyu? Na sa masa kaya ninki uku, na duba ma'aunin sanyi, rediyo na gabana. Ba a daji na yar da shi ba."

"Kin rufe ƙofar."

"Da a buɗe zan bar ta gida ya zama firji? Ke ce kike biyan kuɗin wuta ko Jarkko?"

Kaisu ta jijjiga yaron, tana jin tafin ƙafarta yana zugi yanzu da ɗumi ya fara shigarsa. Zugin nan ta san shi tun tana 'yar mitsitsiya.

Wanda ya biyo mu tun farko ya san labarin, amma bari in tuna muku. Gidan katako ne can Puolanka, a bakin daji, babu maƙwabci sai bishiyoyi. In Kaisu ta yi kuka, ko ta zubar da madara, ko ta ƙi cinye dankalinta, sai Hilkka ta kama hannunta ta kai ta ƙofar baya. Fuskar Hilkka abin tausayi, idonta taf da hawaye. Ta ce, dokar Babanki ce, mai kuka a waje take jira har ya dawo, ni ba ni da yadda zan yi. Ta sa sakata.

Yarinya ta tsaya a matakala da safa, wata rana ma babu. Duhu ya sauko tun da sauran yini. Can sai ta ji rurin motar katako, sai ƙofa ta buɗe da ƙarfi, sai fuskar Babanta Reijo ja wur, yana warin man dizal da ƙaron itace, yana ɗura ashar. Ya fizgo ta, ya cusa ƙafafunta cikin kwanon ruwa, ya danne su tana ihu. Azabar ruwan nan ita ce ƙarshen hukunci. Haka ta ɗauka, haka ta girma da shi.

"Zauna ki sha gahawa," in ji Hilkka. "Dubi yadda kika koma, kamar an tono ki."

"Ba na sha."

"Kin ga wannan ba-na-shan ne ya kawo ki nan. Ba na sha, ba na ci, ba na barci, kada a taɓa min yaro. Mutane sun yi yaƙi sun yi yunwa sun raini 'ya'ya bakwai, ba su je sun zauna gaban wata baƙuwa suna biyanta ta saurari kukansu ba."

"Ke kin san abin da ya sa nake zuwa wurinta."

"Na sani. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba."

"Mama, kin ga lokacin da ake fitar da ni. Da hannunki kike..." Ta gyara riƙon yaron. "Ban taɓa ganin laifinki ba, na san tsoronsa kike ji. Amma ke da kika gani da idonki, yaya za ki ɗauki ɗana ki kai shi waje ki rufe?"

"Barcin rana daban, horo daban. Kada ki haɗa."

"A jikina ɗaya ne."

"A jikinki komai ɗaya ne." Hilkka ta ajiye kofin da ɗan ƙarfi. Ranta ya fara ɓaci, in kuwa ya ɓaci bakinta ba ya da linzami. "Horon ma me ya yi miki? Ga ki nan da ƙafafunki biyu. Ni uwata a rumfar itace take kulle ni, da ɓeraye. Kin taɓa jin na yi mata ƙorafi? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ke ma kina fara laushi, kukan yana raguwa, ina kallonki ta tagar kicin ina cewa saura kaɗan. Da ba don ubanki yana zuwa yana ɓata min aiki ba, da tuni kin zama mutum."

Ta kai gutsuren burodi baki.

Kaisu ta daina jijjiga yaron.

"Me kika ce?"

"Na ce ki zauna."

"Yana ɓata miki aiki."

Hilkka ta tauna, ta haɗiye, ta share ɓurɓushi daga kan tebur zuwa tafin hannunta.

"Maganar baki ce."

"Wane aiki yake ɓata miki, Mama? Ba shi ya sa dokar ba?"

"Yaron nan yunwa yake ji. Ba ni shi in ɗumama masa madara."

"Kada ki taso. Tambayarki nake. Ba shi ya sa dokar ba?"

Rediyon da ke kan tebur tana ta kawo ƙarar iskar baranda, keken da babu kowa a ciki. Hilkka ta miƙa hannu ta kashe ta.

"Reijo?" Ta yi 'yar dariya ta hanci. "Reijo da ba ya iya korar kare daga kan gado, shi zai sa doka?"

Wallahi sai da na dakata kafin in iya rubuta wannan. Kaisu kuwa ta tsaya ƙiƙam, sai kunnuwanta da suka toshe.

"Kin ce shi ne."

"To da me zan ce? Yaro ba ya tsoron uwar da yake gani tun safe har dare. Sai an sa masa wanda ba ya nan. Kowace uwa tana yi."

"Kina kuka. Ina ganin hawayenki."

"Kuka nake da gaske. Kin zaci daɗi nake ji? Ni kaɗai a dajin nan, babu wanda zan ce wa sannu, rana ba ta fitowa, kai yana sara min, ke kuma ki kafa baki tun safe. In ban fitar da ke ba ban san abin da zan yi miki ba. Gode min ya kamata ki yi."

"Ashar ɗin da yake yi?"

"Ni yake wa."

"Ruwan?"

"Wane ruwa?"

"Kwanon ruwan da yake danna min ƙafa a ciki ina ihu."

"Haba Kaisu. Ke da kika girma a ƙasar nan? Ruwan ɗumi ne. In ƙafa ta daskare dole ta yi zugi in tana dawowa. Da bai yi haka ba ai da yanzu babu yatsu."

Ta sani. Abin takaicin ke nan, ta sani sarai. Ita da kanta ta sha yi wa yaran makarantar renon da take aiki, in sun daɗe a waje hannunsu ya ƙage, tana lallashinsu tana cewa zafin zai wuce. Sau nawa ta riƙe ɗan hannu cikin ruwa, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa haɗa wannan da wancan ba. Wurin da ta ajiye Babanta a ranta ta daɗe da rufe shi, ba ta leƙawa.

Ta jingina da bango.

"Ranar da kuka rabu," ta ce. "Matar nan ta ofishin kula da yara ta zo gida. Ta tambaye ni wurin wa nake so in zauna."

"Na tuna."

"Na ce mata Baba yana sa a kulle ni a waje. Kina zaune. Shi ma yana zaune."

"Ke kika faɗa. Ni ban ce uffan ba."

"Ba ki ce uffan ba."

"An tambaye ni ne?"

"Shi fa? Me ya sa bai ƙaryata ba?"

Hilkka ta ɗaga kafaɗa.

"Yana sha, kin sani. Wannan dai ba ni na ƙirƙira ba. In ya ce ni ce, ni ma a ƙwace ki daga hannuna, shi kuma ba za a ba mashayi yarinya ba. Sai gidan baƙi. Ya bi ni waje ranar, ya ce in na sake fitar da ke zai tona, ko da za mu rasa ki mu duka. Na sake? Ban sake ba. Kin ga kowa ya riƙe alkawarinsa."

"Ya san halinki ya bar ni a hannunki."

"To ashe shi ma ba waliyyi ba ne. Madalla, mun daidaita."

Ba su daidaita ba. Abubuwa ne suka riƙa faɗo wa Kaisu ɗaya bayan ɗaya, ba ta kira su ba. Wayar da yake bugowa ranar haihuwarta, tana jin numfashinsa ta katse. Ranar da ta gama makaranta, da farar hular bikin kammalawa a ka, ta hango shi can tsallaken titi da furanni a hannu, ta ce wa ƙawayenta ba ta san shi ba. Ranar aurenta kawunta ne ya rako ta cikin coci. Da aka kira ta daga garin Kajaani aka ce an same shi a ɗakin hayarsa ya kwana biyu da cikawa, cewa ta yi a yi duk yadda aka saba yi, ta koma ta ƙarasa wankinta. Ko watan jiya da Jarkko ya ce a sa wa yaro sunan kakansa a tsakiya, cewa ta yi sai bayan ranta.

Kuma duk wannan, wa take bugawa waya ta faɗa wa? Wa yake ce mata kin yi daidai 'yata, ki kula da kanki?

"Kin bar ni na ƙi zuwa binne shi."

"Ke babba ce. Na riƙe miki ƙafa?"

"Kin je. Kin dawo kin ce mutum huɗu ne a cocin. Kina ba ni labari muna shan gahawa."

"Biyar da limamin cocin."

"Mama."

"Me kike so in yi? In tono shi? Ya tafi, ya huta, ni ce nake nan. Ni na wanke ki, ni na yi aikin dare a gidan tsofaffi na saya miki takalmin ƙanƙara, ni na hau bas tun asuba na zo don na ji kin kasa. Shi ya buɗe ƙofa sau nawa, ni na yi shekara nawa? Ki auna."

Wake ya ƙara sautin kukansa, fuskarsa ta yi ja. Kaisu ta dube shi, sannan ta dubi jakar da ke bakin ƙofa. Gidan Puolanka yana nan yadda yake, ba a sayar ba. Ƙofar baya tana nan, matakalar tana nan. Mako guda, babu maƙwabci, yaro mai kuka tun safe, da matar da kanta ke sara.

"Ba za ki tafi da shi ba."

"An riga an gama magana."

"Na warware."

"Ke da wa? Mijinki ya ɗauki hutu, nas ta sani."

"Ba za ki tafi da shi ba. Ba yau ba, ba gobe ba. Ba za ki sake riƙe shi ba ko na minti ɗaya. Ɗauki jakarki."

Hilkka ta dube ta sama da ƙasa, ƙafa babu takalmi, gashi a hargitse, rigar barci da tabon madara.

"Ki dubi kanki a madubi kafin ki kore ni. Wa kike ganin za a yarda da shi, ni ko ke?"

Nan ne abin ya tsinke. Kaisu da ba ta taɓa ɗaga wa uwarta murya ba, Kaisu da in an taka ta a bas ita ke cewa yi haƙuri, ta ji wata murya ta fito daga cikinta wadda ba ta san tana da ita ba. Ta kai hannu ta share teburin. Kofuna, faranti, rediyo, duk suka tarwatse a ƙasa, gahawa ta fallatsa har jikin bango.

"Fita! Fitar min daga gida!"

Maƙulli ya motsa a ƙofa.

Kaisu ba ta ji ba. Hilkka ta ji. A gaban idon 'yarta matar nan ta sauya, kafaɗunta suka sauko, bakinta ya soma rawa, hawaye suka taru, ta ja baya ta manna da firji ta kare fuska da hannu. Fuskar nan ce dai, ta bakin ƙofar baya, babu abin da shekaru suka rage mata.

Jarkko ya shigo da kujerar jariri a hannu, dusar ƙanƙara a kan hularsa. Ya tsaya. Ya ga fasassun kofuna, ya ga tsohuwa tana makyarkyata, ya ga matarsa fuska ja wur tana huci, yaro yana shiɗewa a hannunta.

"Me ya faru?"

"Kada ka yi mata faɗa, Jarkko," in ji Hilkka, murya can ƙasa. "Ba laifinta ba ne. Rashin barci ne."

"Jarkko, saurare ni. Ita ce. Ba Baba ba ne, ita ce take kulle ni, yanzu ta faɗa da bakinta."

Ya dubi surukarsa. Hilkka ta girgiza kai a hankali tana share ido.

"Tun ɗazu take faɗin haka. Ta farka ne a firgice. Na ce mata to, ni ce, duk abin da kika ce, don dai ta kwantar da hankali. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, haka Reijo yake in abin ya motsa masa."

"Ƙarya take yi!"

"Yi a hankali, Kaisu, kina tsorata shi." Ya ajiye kujerar a ƙasa ba tare da ya ɗauke ido daga kanta ba. "Me ya samu ƙafarki? Ta yi ja."

"Na fita baranda."

"Babu takalmi?"

"Ta kai shi waje, na je in ɗauko shi."

"Barci yake yi lafiya lau," in ji Hilkka. "Ta ciro shi daga keke. Sai ta je jikin ƙarfen nan da shi, ta tsaya tana kallon ƙasa. Ni dai ban ce ga abin da take nufi ba. Ban ce ba. Amma sai da zuciyata ta tsaya."

Jini ya bar fuskar Jarkko.

"Gaskiya ne?"

"Ba haka ba ne."

"Kin tsaya jikin ƙarfen da shi ko ba ki tsaya ba?"

"Jiri ne ya..."

"Kin kalli ƙasa?"

"Na kalla, amma kekuna nake kallo, kekunan yaran maƙwabta. Jarkko, ka san ni."

"Na san abin da kika faɗa min da bakinki."

Ba da faɗa ya faɗa ba. Da ma ya yi faɗan, da sauƙi. Muryar da ya yi amfani da ita irin wadda ake yi wa mara lafiya ce, idonsa kuma cike da tsoro, tsoronta yake ji. Mutumin nan yana son ta, yana son ɗansa, ya buɗe ƙofa ya ga abin da ya gani. Kaisu ta ji duk kalmar da za ta faɗa yanzu tana ƙara nutsar da ita ne. Ashe haka Babanta ya ji ranar nan, gaban matar ofis, yana kallon 'yarsa tana nuna shi da yatsa.

"Ka kai ni asibiti in kana so," ta ce, tana ƙoƙarin saita muryarta. "Ka kai ni yanzu, ba zan yi gardama ba. Ka kai shi wurin wanka, wurin mamanka, ko ka zauna da shi kai kaɗai. Amma kada ka ba ta shi."

"Mamata tana jinyar ƙugu. Ni in na kai ki dole in zauna tare da ke. Hilkka ta raine ki, ta san..."

"Shi ya sa."

"Kaisu."

"Don Allah. Ban taɓa roƙonka komai haka ba."

Ya tako ta kan fasassun kofunan, takalminsa yana murƙushe su. Ya miƙo hannu ɗaya. Ɗaya hannun yana riƙe da waya, har ya danna lambar gaggawa, babban yatsansa yana kan wurin kira.

"Ba ni shi."

Ta ƙara ƙanƙame yaron, ta ja baya har bayanta ya bugi gilashin baranda.

"Matso daga jikin ƙofar nan," ya ce. "Ko ki ba ni shi da hannunki, ko in kira su su zo su karɓa. In suka zo kuma ba mako guda ba ne, kin fi ni sani."

Ta kan kafaɗarsa ta hango uwarta. Hilkka ta daina kuka. Ta durƙusa gaban kujerar jaririn tana sassauta maɗaurin, tana gwada shi da yatsa ta ga ko zai yi wa Wake daidai.